Ƙanena yana ƙamewa idan ya ji ƙarar babura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu ta wajen Zurmi muka dawo Gusau da zama. Ƙanena ɗan shekara 15 ko ƙwarzane bai samu ba, amma yanzu da ya ji babura sun taho a jere sai ya ƙame wuri ɗaya, gumi ya karyo masa, ko magana ba ya iyawa. Baba ya ce ragwanta ce, Inna ta ce iska ce. Don Allah me zan yi masa?

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya kiyaye gaba. Ka lallashi Baba, wannan ba ragwanta ba ce. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar maigadi yake. Sauti yana isa gare shi tun kafin mutum ya gama tantance me ya ji. Da ya zaci haɗari sai ya tada wani sashen ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus, saƙo ya kai ga halittar da ke saman ƙoda, ta zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Daga nan bugun zuciya da gumin suke. Gudu, faɗa ko ƙamewa, jiki ne ke zaɓa ba yaron ba. Ranar harin ƙwaƙwalwarsa ta ɗaure ƙarar babur da mutuwa, kuma sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen goshi, wanda aikinsa ne ya ce "kai, 'yan acaɓa ne", bai iya danne tsoron ba tukuna. Idan abin ya haura wata ɗaya, ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Ku fara da asibitin tarayya na FMC Gusau, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a jihar Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Wani dattijo, Talata Mafara:
Yaro, addu'a da asibiti ba sa karo. Ku haɗa duka. Amma a daina yi masa tsawa gaban mutane.

Wata uwa, Ƙaura Namoda:
'Yata ma haka ta yi. Idan abin ya taso, zauna kusa da shi, ka kira sunansa a hankali, ku riƙa sakin numfashi a tsanake tare. Kada ka jijjiga shi, kuma kada a tilasta masa ba da labarin ranar. Yana samun barci kuwa?

Mai tambaya:
Ba ya samu, Mama, firgita yake cikin dare. Ranar Litinin in sha Allahu zan kai shi, zan roƙi Baba mu je tare.