Lasisin kine ya hana ni shiga mastar ergoterapi, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni kine ce, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki da gaɓoɓi, a wani asibiti a Garwa ta Kamaru, da lasisi, wato digirin farko na shekara 3. Yawancin majinyatana masu shanyewar ɓarin jiki ne. Sai mutum ya miƙe ya taka, amma maɓallin riga ya gagare shi, butar alwala tana suɓuce masa. Nan ilimina ke tsayawa, abin yana damuna matuƙa. Shi ya sa nake son ergoterapi, wato koya wa majinyaci komawa hidimominsa na yau da kullum.

Sau biyu na nemi masta a wata jami'a a kudancin Afirka, sau biyu aka ƙi. Na farko suka ce takarduna da Faransanci suke. Na biya tafinta mai rantsuwa a Yawunde ya mayar da su Ingilishi, da hatimi da komai. Na biyu suka ce mastar ta masu digirin farko a ergoterapi ce, kuma ba ni da awa 1,000 na horo a aikace da ƙungiyar 'yan ergoterapi ta duniya, WFOT, ta gindaya. Na tura shaidar shekarun aikina daga shugaban sashenmu, suka ce ba ta shiga lissafi, tunda ba ɗan ergoterapi ne ya duba ni ba. A asibitinmu kuwa ko ɗaya babu.

A Ingila akwai masta ta shekara 2 ga masu shigowa daga wani fanni, awannin na cikinta, amma kuɗin ya fi ƙarfina.

Don Allah, wace jami'a ce a Afirka take da irin wannan mastar, da za ta karɓi mai lasisin kine?