Yaya za mu tsara ƙarin darasi ga yaran da iyayensu ba su da hali?

Malamar Aji Biyar:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar gwamnati da sakamakonta ya daɗe yana ja da baya, kuma a ajina akwai yaran da har yanzu sai sun bi baƙi ɗaya bayan ɗaya da yatsa kafin su haɗa kalma. Iyayensu ba su da halin biyan kuɗin lesin. Mun samu 'yan sa-kai da za su taimaka, to shin mu riƙe yaran bayan an tashi mu maimaita musu darasin ranar, ko akwai hanyar da ta fi wannan?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri. Maimaita darasin ranar ba zai amfani yaron da bai iya karatu ba, domin manhajar aji biyar an ɗora ta ne a kan tushen da shi bai samu ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya takan gwada kowane yaro shi kaɗai, a gane ko baƙaƙe kawai ya sani, ko yana haɗa kalma, ko ya kai ga karanta gajeren labari, sannan a raba yaran bisa inda suka tsaya, ba bisa aji ko shekaru ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, masana tattalin arziki waɗanda suka samu lambar yabo ta Nobel a 2019 tare da Michael Kremer, sun auna wani shirin ƙungiyar na tallafa wa yaran da aka bari a baya, suka ga cewa mafiya rauni su ne suka fi amfana. Ku fara da gwajin nan.

Mai Horar da Malamai:
Na yarda da Malam, amma batun lokaci ya fi damuna. Yaron da ya fi bukatar taimako shi ne wanda ake jira a gida ya yi aiki ko ya yi rainon ƙannensa, sau da yawa kuma da yunwa yake tashi, saboda haka darasin yamma yakan cika da waɗanda dama suna ƙoƙari. Ku nemi shugaban makaranta ya ware muku lokaci a cikin jadawali, aƙalla sau uku a mako, kuma kada a riƙa sauya wa yara mai koyarwa, domin sai yaro ya saba da mutum yake yarda ya yi kuskure a gabansa. 'Yan sa-kan ma suna bukatar horo da ɗan alawus, in ba haka ba za su watse kafin zango ya ƙare.

Malamar Aji Biyar:
Na gode ƙwarai. Za mu yi gwajin a makon gobe, in sha Allah. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan fitar da yaro daga aji ba tare da 'yan'uwansa sun riƙa kiransa daƙiƙi ba. Ina neman shawararku a kan wannan ma.