Yaya ake haura kogi da ƙaramin jirgi mai tafiya da iska?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai tsawon mita 5 wanda ba shi da inji, iska ce kaɗai take tura shi ta hanyar ƙyallen da ke ɗaure a sandarsa. A tafki na saba tuƙa shi, amma yanzu ina so in haura kogi da shi, wato in nufi inda ruwan yake gangarowa, inda ruwa ke gudun kusan kilomita 3 a awa. Shin hakan zai yiwu, ko kuwa ruwan zai riƙa mayar da ni baya? Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin.

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, Malam. Zai yiwu, amma sai ka fara da lissafi. Jirgi mai irin wannan tsawo da wuya ya wuce kilomita 10 a awa, kuma a iska matsakaiciya wataƙila 6 za ka samu. Idan iskar tana bayanka, cire gudun kogi daga naka, saura 3, tafiya tana ci. Wahalar tana zuwa ne idan iska da ruwa suka haɗu suna fuskantarka, domin jirgi ba ya shiga cikin iska kai tsaye, sai dai ka riƙa karkata kusan digiri 45, ka nufi wannan gaɓa, ka juyo ka nufi waccan. A irin wannan tafiya kusan kashi 70 cikin 100 na gudunka ne kawai yake kai ka gaba, wato 6 ta koma 4 da ɗan kai, kogi kuma ya cinye 3 daga ciki. Ga shi duk juyin da ka yi jirgi yana rage gudu, ruwa yana jan ka baya. A ganina, irin wannan rana ta jira ce. Dubi kogin Nilu a Masar: ruwansa arewa yake gangarawa, iska kuma galibi daga arewa take busowa, shi ya sa tun zamanin Fir'aunoni suke ɗaga ƙyalle su haura kudu, su naɗe shi su bi ruwa su dawo.

Amsa ta biyu

Lissafin ɗan'uwa daidai ne, sai dai kogi ba gudu ɗaya yake yi daga gaɓa zuwa gaɓa ba. Ruwa ya fi ƙarfi a tsakiya da kuma gefen waje na lanƙwasa, inda yake zaizaye gaɓa ya yi zurfi. A gefen ciki kuwa, inda yashi ke taruwa, gudunsa yana raguwa ƙwarai, har ma a bayan tsinin ƙasa da ya kutsa cikin kogi za ka ga ganyaye da kumfa suna juyawa suna komawa sama. Nan ne hanyarka. Ka ɗan ɗaga allon da ke ƙarƙashin jirgin don kada ya kafe a yashi, kuma kada ka manne wa gaɓa mai dogayen itatuwa, domin suna tare iska, ƙyallenka ya saki nan take. Ci gabanka kuma kada ka auna shi da ruwan da ke wucewa a gefen jirgi, yana ruɗin ido. Zaɓi itace biyu a tudu, ɗaya a bayan ɗaya, ka lura ko kana wuce su.

Amsa ta uku

Ina roƙonka ka ajiye anga, wato ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi, a goshin jirgin, igiyarta a warware, saboda da zarar iska ta ɗauke, jirgi yana bin ruwa, akalarsa kuma ba ta juyuwa. Idan akwai gada a inda ruwa zai gangara da kai, wannan hatsari ne babba. Ka tafi da gora da abin tuƙi na hannu, ka sa rigar kariya daga nutsewa, kuma ka duba tsayin sandarka kafin ka ratsa ƙarƙashin wayoyin lantarki.