Hoton mai tumatir a Farin Gada: a nemi izini ko a ɗauka kawai?

Auwal: Salamu alaikum jama'a. Ga wanda na ɗauka jiya a Farin Gada, wajen bakwai saura na safe. Wata mata ce a tsugune tana ware ruɓaɓɓen tumatir daga kwando. Hazo ya lulluɓe bayanta, motocin da ake sauke kabeji sai inuwarsu kawai, rana kuma ta ɓullo ta gefe ta faɗa kan hannunta da jan tumatirin. Ta ɗora tsohuwar rigar sanyi a kan zani, in kun duba da kyau za ku ga tururin numfashinta. Daga tsallake na zuƙo ta da lensi mai milimita 200. Ba ta san an ɗauke ta ba, kuma a wurina abin da ya sa hoton ya yi rai ke nan. Na daɗe ina faɗa: duk hoton da aka nemi izini kafin a ɗauka, rabinsa ƙarya ne. Kana cewa "Mama, in ɗauke ki?" ka kashe shi. Za ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ƙame kamar mai hoton katin zaɓe.

Ladi: Kai, hasken nan ya zauna, ba ƙarya. Amma Auwal, da mamarka ce wani ya laɓe ya ɗauka ya watsa, za ka ce ya yi rai?

Auwal: Anti Ladi, kasuwa ce fa, ba ɗakinta ba. Mutum nawa suka gan ta jiya a haka?

Ladi: Sun gan ta sun wuce. Kai ka tsayar da ita a wuri guda har abada, ka kuma sa a Facebook.

Dauda: Ni ina bayan Auwal a kan kyawun hoto, amma ina jiye masa tsoro. Nan Jos ce. Bayan bama-baman da suka tashi a Taminus a watan Mayun 2014, duk wanda ya ɗaga kyamara cikin kasuwa kallon ɗan leƙen asiri ake masa. Ni na ɗanɗana. Ina ɗaukar masu sayar da gwanjo, ban ankara ba samari huɗu sun zagaye ni, sun karɓe wayata, sai da wani dattijo mai shago ya sa baki, kuma sai da na goge komai a gabansu. Tun ranar ba na ɗaga waya sai na gaida mutane. Ba don ladabi ba, don haƙorana.

Auwal: To ka ga tsoro ne ya sa ka, ba hujja ba.

Malam Sabo: Auwal ɗana, bari tsoho ya sa baki. Shekara ashirin da wani abu na yi ina riƙe da shagon hoto a Dilimi, tun zamanin fim mai ɗaukar 36, wanda ba ka sanin abin da ka kama sai ka shiga ɗakin duhu ka wanke. Maganarka ta cewa hoton shiri ƙarya ne, ita ce ban yarda da ita ba. Ranar Sallah layi ake yi a ƙofata. Lebura zai zo da babbar riga ta aro, ya ɗaura agogon da ba ya aiki, ya dafa rediyon shagona, ya ce Malam a ɗauka in aika gida. Kai za ka ce ƙarya ya yi. Ni kuwa na ce ya nuna mini mutumin da yake so iyayensa su gani, kuma wannan mutumin yana nan cikinsa, ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wanda ka kama yana dako cikin gumi, shi ne. Wanda ya yi wanka ya zo wurina, shi ma shi ne. Wa ya ba ka ikon cewa na gumin ne na gaskiya?

Bilkisu: Baba Malam ya gama magana. Abin da Seydou Keïta ya yi ke nan a Bamako, ya buɗe shagonsa a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da babur don masu zuwa su riƙe ko su jingina. Kowa a hotunansa ya san ana ɗaukarsa, kuma yau da su ake sanin yadda mutanen garin suke a lokacin. Mu dawo gida ma. Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan dubu, da yawa daga ƙeya ya ɗauka, fuskar ma ba ta fito ba. Ba a laɓe ake samun irin wannan ba, sai mace ta tsaya ta ba ka kanta.

Auwal: Wannan hoton shago ne, Bilkisu. Kowanne da gurbinsa. Ni rayuwar titi nake kamawa. Ki tuna babbar kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002. Mu da muke yara lokacin, da me muka san yadda cikinta take? Da hotunan waɗanda suka ɗaga kyamara suka ɗauka cikin cunkoso ba su tambayi kowa ba. Da sun tsaya bin mutum ɗari ɗaya bayan ɗaya suna neman izini, da ba mu da komai.

Kabiru: Cunkoso daban, fuskar mutum ɗaya daban. A hotonka babu kowa sai ita, duk wanda ya san ta zai gane ta. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma a 2023 an sa hannu kan dokar kare bayanan mutane. Fuskar da za a iya ganewa ai bayani ce.

Dauda: Lauya ya iso, a rufe taro.

Kabiru: Ban gama karatun ba tukuna, kar ka jawo mini.

Zainab: Ku bar batun doka, wace mai tumatir ce za ta kai Auwal kotu? Abin da ke damuna ma ke nan. Ku koma baya ku duba abin da muke turowa tun farkon shekara, har da ni. Almajiri da roba a Bauchi Road. Tsohuwa mai bara a ƙofar Masallacin Juma'a. Mai fasa dutse. Yaran da ke wanka a kududdufin kuza. Yanzu mai tumatir. Ko sau ɗaya wani ya taɓa zuwa Rayfield ya zuƙo wani alhaji yana sakace a barandar gidansa, ya turo mana ya ce hoton ya yi rai? Ba mu yi, don mun san mai gadi zai fito, kuma mun san inda za mu kwana. Ashe ba gaskiya muke bi ba, wanda ba zai iya ce mana komai ba muke bi. Ni na ɗauki wani yaro a 'Yan Taya bara, yana barci kan tsohuwar taya, mutane suka yi ta yabo. Har yau ban san sunansa ba, kuma in na tuna sai in ji kamar na zare masa wani abu daga aljihu yana barci.

Ladi: Allah ya yi miki albarka, ƙanwata. Ni abin ya fi taɓa ni ta wani wajen. Ku nemi tsofaffin hotunan zamanin Turawan kuza. Za ku ga kakanninmu mata a jere, kwano a ka, suna fitowa daga rami. A ƙasa a rubuta 'yan ƙasa a wurin aiki, shi ke nan. Ba suna, ba ƙauye. Wataƙila kakar babana na ciki, ba yadda zan sani. Wanda ya ɗauka shi ma ya ce rayuwa yake kamawa.

Auwal: Haba Anti, yanzu ni ne Bature? Ni ɗan Gangare ne, kakana ma ramin kuzan ne ya kawo shi garin nan. Kuma ba don in wulaƙanta ta na ɗauka ba. Ku sake dubawa, akwai wulaƙanci a ciki? Ni martaba na gani. Mace ta fito cikin sanyin Disamba tana neman halal.

Ladi: Kai ka ga martaba. Ita me ta gani? Ba ka sani ba, tunda ba ka nuna mata ba.

Nanret: Ni sabuwa ce a nan, da Tecno nake ɗauka, kuma mafi yawa furanni da duwatsun Shere, su ba sa ƙara. Tambaya kawai: in ka ɗauka tukuna sannan ka je ka nuna, ba an huta ba?

Malam Sabo: 'Yata, abin da nake shirin faɗa ke nan. Ka ɗauka a lokacin da hasken ya ba ka, don hazo da rana ba sa jiran gaisuwa, a nan Auwal yana da gaskiya. Amma kafin hoton ya bar hannunka, ka taka ka je. Ka yi sallama, ka sayi tumatir ko na miyar yini ɗaya ne, ka juya mata kyamarar ta gani. Ku yanzu kuna da gata, hoton yana bayan kyamara nan take. Mu sai bayan kwana uku. Akwai wata dabara kuma: ka zauna. Ka nemi izinin, ta ƙame, ka ɗauki na ƙamewar, sannan ka nemi benci ka zauna kana hira. Minti goma ba za a yi ba mai saye zai zo, ta manta da kai. A nan hotonka yake. Dogon lensin nan naka, ka yi haƙuri, kayan mai gaggawa ne. Da na milimita 50 ne dole ka matso, in ka matso dole ka gaisa.

Auwal: In kuma na nuna ta ce in goge fa, Baba? Irin hasken nan sau nawa ake samu a shekara?

Malam Sabo: Sai ka goge.

Auwal: A'a, wannan kam da wuya.

Bilkisu: Ga wani hoto da na ɗauka a bikin ƙanwar Dauda, wani bawan Allah ya cika baki da shinkafa, ido ɗaya a rufe. Ban nemi izini ba, saboda haka ya yi rai. In turo?

Auwal: Bilkisu, kar ki soma! Wallahi kar ki soma.

Dauda: Wanzami ba ya son jarfa.

Auwal: Wancan hoton muni ne, nawa na kyau ne, ba ɗaya ba ne.

Zainab: Wa ya yanke cewa muni ne? Kai da ke ciki. To ita ma a bar mata ta yanke.

Auwal: Jama'a, na dawo. Yau da safe na koma Farin Gada, kwana biyu ke nan maganarku na cikin raina. Na same ta a gurbinta. Na gaishe ta, na sayi tumatir, na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kwashe da dariya ta kira maƙwabtanta, har mai attarugu ya bar kayansa ya zo. Abin da ta fara cewa shi ne rigar sanyin ta mijinta ce, kuma ta yage a hammata, me ya sa ban bari ta cire ba. Ta ce 'yarta na karatu a jami'a, ba ta so ƙawayenta su ga uwarta haka a waya. Na cire daga Facebook a gabanta. Amma ba ta ce in goge ba, ta ce in wanke mata ɗaya ta ajiye a gida, sannan in zo ranar Lahadi bayan an tashi daga coci in ɗauke ta da 'yar tata cikin kayan kirki.

Ladi: Ka ji ko.

Auwal: Na ji, amma ban sauka daga maganata ba. Na Lahadi zan ɗauka, kuma na riga na san ba zai kama ƙafar na farko ba. Ita ma na farkon ta ce a wanke mata.

Zainab: Ta ce a wanke mata, ba ta ce a wanke wa duniya ba. Ka tambayi sunanta?

Auwal: Na tambaya. Ba zan faɗa a nan ba.

Malam Sabo: In za ka wanke hoton, kar ka kai wa yaran nan masu ƙara ja har tumatir ya koma kamar roba. Ka ce a yi shi girman inci biyar da bakwai, takarda marar sheƙi, hazon zai fi fitowa. Ranar Lahadi kuma ka bar dogon lensin a gida, zan ba ka aron nawa na 50.

Auwal: Na gode Baba. Wa ke son tumatir? Rabin kwando ta sa na saya, Hajiya ta ce in nemi inda zan kai.