Ayabata ta ƙi nuna, an ce in sa mata kabayid, dan Allah a ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Ina 'yar sana'a a gida nan Kano, ina saro ayaba da agade a 'Yan Lemo, yarona ya kasa a ƙofar gida, agaden kuma in soya wa masu oda. To matsalata nuna ce, in na saro nunanna kafin ta ƙare rabi ta yi baƙi ta ruɓe, in na saro ɗanya kuma sai ta zauna min kamar dutse, wata ma ta yi laushi a ciki amma ɓawon na nan kore shar, mai saye yana gani zai ce ai ba ta nuna ba. Wata maƙwabciyata ta ce in nemi kabayid irin na masu walda in ƙulla a takarda in jefa cikin buhun, wai kwana ɗaya ta koma ruwan ɗorawa. Ni dai raina bai kwanta ba don yarana ma suna ci, amma asarar ta ishe ni wlh. Ya zan yi?

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ki rufa wa kanki asiri, kar ki fara. Ni da na ga ayaba ta yi kala ɗaya sumul amma kan nan nata kore bana saye, ki ɓare ki ji salam ba zaƙi ba ƙamshi.

Anti nas:
Ƙanwata hukumar kula da ingancin abinci da magunguna NAFDAC ta haramta nunar da kayan marmari da kabayid kuma ta sha yin gargaɗi a kai. In ya ji danshi iskar gas yake fitarwa, ita ce masu walda ke kunnawa su haɗa ƙarfe, kin ga kenan tana kama wuta, ke kuma ga murhu ga yara a gida. Sannan na kasuwa ba tataccen abu ba ne, yana zuwa da ɓurɓushin guba irin su asinik, yana taɓa ido da maƙogwaro da ciki. Ribar nawa ce ma?

Baba mai kayan marmari:
'Yata tun daga wajen saye ake gyara wannan. Ki riƙa duban jikin ayabar, wadda ta ƙosa za ki gan ta a cike, kusurwoyin nan sun kwanta ta yi mulmul, wadda aka sare da wuri kuwa siririya ce da kaifi-kaifi a gefe, wannan ko wata za ta yi a ɗaki yanƙwanewa kawai za ta yi. Masu gona a kudu wani lokaci kuɗi ke matsa musu su sare kafin lokaci, motar ma kwana take a hanya ana danne kaya. In kin kawo gida kar ki bar ta a kai guda, ki yayyanka ta hannu-hannu ki bar ƙaron ya tsane, ki raba kashi uku. Kashin farko ki jera a kwali ki sa nunannun ayaba biyu ko uku a tsakiya, mangwaro ko piya nunanna ma suna yi, ki rufe da tsohon buhun algarara ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi. Kullum da safe ki buɗe ta sha iska ki cire wadda ta fara tabo. Sauran kashi biyun ki bar su a buɗe nesa da kwalin, bayan kwana biyu ki saka na biyu. Haka kullum kina da nunanna kina da mai zuwa. Leda dai a'a, gumi take sa ta ta ruɓe.

Ɗalibin aikin gona:
Abin da Baba ya faɗa shi ne a littafi ma. Ayaba da kanta take fitar da wata iska da ake kira etilin, ita ke juya sitacin cikinta ya koma suga, shi ya sa nunanna ɗaya ke jan sauran. Kamfanonin da ke kai ayaba Turai ɗanya suke ɗaukarta a jirgin ruwa cikin sanyi kusan digiri 13 zuwa 14, sai ta isa su sa ta a ɗaki su sakar mata etilin ɗin. Maganar laushi a ciki kore a waje kuma, Hajiya zafi ne ba komai ba. Irin doguwar nan Cavendish in zafi ya wuce kamar digiri 25 koren ɓawonta baya washewa sosai duk da cikin ya nuna, to ki duba zafin Kano a watan Afrilu. Agade shi ba ruwansa, yana yin kalarsa ko da zafi. 

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, kai ashe zafi ne. To in na sa a firij fa don ta daɗe?

Ɗalibin aikin gona:
Ɗanya kar ki sa, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 13 yana lalata ta, ɓawon ya dafe kuma ba za ta ƙara nuna daidai ba ko kin fito da ita. Nunanna ta cin gida za ki iya, ɓawon zai yi baƙi cikin lafiya lau, amma wa zai saya?

Wani ɗan uwa:
Ku dai kuna faɗa ne kawai, wanda ya zuba jarinsa shi ya san zafin asara, kuma mutane da yawa suna sawa ba mu ga wanda ya faɗi ba.

Anti nas:
Malam ba faɗuwa ake a take ba, kuma ita da bakinta ta ce yaranta na ci.

Hajiya daga zangon Kumasi:
Ni agaden da kike cewa ya yi baƙi shi ya tsaya min a rai, ƙanwata wannan ai kuɗi ne kike zubarwa! Nan wurinmu nunanne ake nema a yi kelewele, ki yanka ƙanana ki cuɗa da citta da barkono da albasa da ɗan gishiri ki bar shi ya ɗan jiƙa, ki soya a mai mai zafi sosai in ba haka ba ya sha mai, a ci da soyayyar gyaɗa da daddare. Wanda ya yi luguf kuma har ba ya yankuwa ki daka shi ki zuba ɗan gari da kayan yajin nan ki soya cokali-cokali. Yarbawa ma suna da wani soyayyen agade mai suna dodo Ikire da suke yi da irin sa da manja. Ki fara ba masu odarki ɗanɗano kyauta ranar Juma'a ki gani.

Mai tambaya:
Hajiya wane garin, fulawa ko na masara?

Hajiya daga zangon Kumasi:
Duk wanda kike da shi, ni dai na masara na fi so, amma kaɗan, ya dai kama jikinsa kawai.