Buken amarya: gaskiya mai fulawar nan ta faɗa min ko wayo take so ta yi min?

Amaryar_Gobe ta rubuta:

Slm 'yan uwa, dan Allah waɗanda suka san harkar fulawa ku taimaka min. Bikina saura wata biyu da 'yan kwanaki, komai ya kusa kammala sai maganar buken, wato damin fulawar da zan riƙe. Ni dai tun da na ga hoton auren Gimbiya Diana, wannan fulawar mai zubowa ƙasa kamar ruwa, raina ya biya, na tara hotuna a waya daga Pinterest sun fi talatin, kuma so nake a haɗa min furannin piyoni da haidiranja da farin lili waje ɗaya. Da na tura wa mai haɗawar sai ta ce wai piyoni ba lokacinsa ba ne, haidiranja kuma ba zai kai yamma ba, wai in ɗauki wardi kawai. Ni kuma sai nake ganin kamar so take ta rage wa kanta aiki. Ga shi ni ba doguwa ba ce, rigar kuma ta sha aikin duwatsu a gaba, za a fara hoto tun 11 na safe, taro sai bayan 5, kuma lokacin zafi ne. Ya kuke gani? Ko in haƙura in yi na roba?

Anti_Mai_Fulawa ta rubuta:

Wslm ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Ba wayo ta yi miki ba wlh, da ni kika kawo wa hotunan nan abin da zan faɗa miki kenan. Hoton da kike gani a intanet minti biyar aka cire fulawar daga ruwa aka ɗauka aka mayar, ke kuma awa shida ko bakwai za ta yi a hannunki cikin zafi, ga ɗumin tafin hannu, ga ƙawaye kowa sai ta karɓa ta yi hoto da ita.

Piyoni lokacinsa gajere ne, a Turai da Amurka daga wajen Afrilu zuwa Yuni, bayan nan yawanci ana nemo shi ne daga ƙasashen kudancin duniya irin su Chile da New Zealand wajen ƙarshen shekara. Ko an samo shi ma yana da taurin kai, ko ya ƙi buɗewa ya tsaya a dunƙule kamar ƙwallo, ko zafi ya buge shi ya buɗe gaba ɗaya ya fara zubar da kansa kafin a gama hoton farko. Amma akwai wardi mai cika sosai wanda ake kira wardin lambu, irin na kamfanin David Austin na Ingila, in kika gan shi a hoto sai kin lura da kyau za ki bambanta shi da piyoni. Shi za ki ce ta nemo miki.

Haidiranja kuwa mashayin ruwa ne na ƙarshe, kansa babba ne ruwa na saurin fita ta jikin furen, awa ɗaya zuwa biyu babu ruwa a rana sai ki ga ya langaɓe. Mu in ya yi mana haka tsoma kan gaba ɗaya muke yi cikin ruwa na kusan rabin awa ya farfaɗo don yana sha ta furen ma, to amma ke a tsakiyar taro ina za ki ga bokiti? Ki bar shi a kan tebur cikin kwalba, can ne gidansa.

Masu juriya su ne wardi, kaneshan, okid, kala lili (mai siffar mazurari), da kirisantimom. Kaneshan mutane na raina shi amma ya fi kowa dauriya, in an matse farare guri ɗaya kyau yake yi ba kaɗan ba.

Sai maganar siffa. Tunda gaban rigar ne ya sha aiki, me ya sa za ki biya kuɗin duwatsu sannan ki rufe su da ganye? Ki yi zagayayye madaidaici wanda faɗinsa bai kai faɗin ƙugunki ba, ki riƙe shi daidai cibiya ko ƙasa kaɗan, gwiwar hannu a sake. Amare da yawa in tsoro ya kama su sai su ɗago shi har ƙirji, a hoto sai ka ga fulawa da kai kawai. Kuma ki kai mata ƙyallen rigar ta gani da ido, don farar fulawa fat a kan riga mai ruwan madara sai ta sa rigar ta yi kamar ta dafe.

Malam_Tarihi ya rubuta:

Hajiya ki yi haƙuri in sa baki duk da harkar ba tawa ba ce. Wancan buken na Diana na 1981 tsawonsa ya haura mita ɗaya, ita kuma doguwa ce mai kusan santimita 178, jelar rigarta ƙafa 25, a cikin katafaren cocin St Paul na Landan. Wato an yi shi daidai girman wurin da girman rigar ne. Kuma guda biyu iri ɗaya aka haɗa mata, saboda a bikin Sarauniya Elizabeth a 1947 nata buken ɓacewa ya yi kafin hoton dangi, shi ya sa in kika duba wasu hotunan ranar hannunta wayam.

Ki duba na Kate, matar Yarima William, a 2011, ɗan ƙarami ne ƙwarai, yawancinsa lilin kwari mai kama da ƙananan ƙararrawa, da ɗan reshen matil, wani tsiro mai ƙamshi, wanda amaren gidan sarautar Ingila suke sakawa tun auren 'yar Sarauniya Victoria a 1858. Ƙanƙantarsa ta sa leshin rigar ya fito. Ni a ganina halin da kike ciki ya fi kusa da na Kate.

Maman_Biyu ta rubuta:

Hmm ni dai lili ɗin nan ne ya tsaya min a rai, 'yar uwa ki ji tsoronsa. A bikin ƙanwata mai irin wannan babban lilin mai ƙamshi ta riƙe, wadda ta haɗa ba ta cire 'yan tsinkayen tsakiyar nan masu gari ruwan lemo ba, tana rungumar wata sai ga shi shaaa a ƙirjin riga, ni kuma da rawar jiki na jiƙa hankici na goga, ashe babban kuskure kenan, ya shige zaren ya bazu. Daga baya aka ce min da salatif zan manna a hankali in ɗaga, ko a kaɗe shi a bushe. Har yau in an buɗe albam sai an yi min dariya.

Ba shi kenan ba, fulawar ƙawaye kuma muka tura firij dare ɗaya kusa da ayaba da tuffa, da safe kaneshan ɗin duk sun rufe ido kamar masu barci. Shi ya sa ni yanzu na roba nake ba kowa shawara, akwai masu kyau da sai kin taɓa za ki gane, babu yaushi babu atishawa, kuma ki ajiye abinki.

Anti_Mai_Fulawa ta rubuta:

Maman Biyu kin ba ni dariya wlh. Abin firij ɗin nan ba tsafi ba ne, 'ya'yan itace nunannu suna fitar da wata iska da ake kira etilin, ita ke sa fulawa tsufa da wuri, kaneshan da okid kuma sun fi kowa jin ta. Sannan ba kowace fulawa ke son sanyi ba, wardi yana son digiri 2 zuwa 4, amma okid da anturiyom 'yan ƙasashen zafi ne, in sanyi ya yi ƙasa da digiri 10 sai su yi tabo su yi baƙi. Ɗaki mai esi ya ishe su.

Na roba ban ƙi ba, amma a zaɓa da kyau, mai arhar yana ƙyalli in filashin kyamara ya haska shi. Wasu amaren ma biyu muke musu, na gaske don shiga taro, na roba don hoton rana. Wanda nake hanawa sam shi ne shuɗin wardi, babu shi a halitta, rini ne, in hannu ya yi gumi ko ruwa ya taɓa shi sai ya zuba a riga.

Amarya in har zuciyarki na kan mai zubowar nan, a yi miki ɗan gajere da okid da ganye, kamar tsawon tafin hannu biyu ƙasa da inda kika riƙe. Irin wannan ana soka shi ne a mariƙi mai jiƙaƙƙen soso a ciki, wato koren soson nan na Oasis da aka ƙirƙiro a Amurka a 1954, fulawar na shan ruwa tana hannunki, sai dai ya fi nauyi kuma yakan ɗiga. Wasu masu sana'ar sun daina amfani da shi saboda roba ce mai marmashewa, har an hana shi a bajekolin fulawa na Chelsea a Landan tun 2021. In kuma ɗaurin hannu ne mai ribon, ki ce a bar ƙasan karan a buɗe kamar tsawon yatsa, ki sa mutum ɗaya ta riƙe kwalbar ruwa da tawul, duk sanda aka tsaya da hoto a tsoma, in za ki karɓa a goge. A kawo miki shi da safen ranar, kar ki yarda da kwana biyu kafin.

Amaryar_Gobe ta rubuta:

Kai na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Ashe na ɗauki alhakin baiwar Allah, yanzu zan kira ta. Na tsaya a kan wardin lambu da okid, zagayayye, lili kuma Maman Biyu ta gama tsorata ni na cire shi. Anti saura tambaya ɗaya, in ina son ajiye shi bayan biki ya zan yi kar ya ruɓe?

Anti_Mai_Fulawa ta rubuta:

Kar ki wuce washegari. Ki kwance ribon ɗin, ki rataye wardin kai ƙasa a wuri mai duhu da iska sati biyu zuwa uku, amma ki sani farin zai koma ruwan ƙasa-ƙasa. In kina son kala da siffa su tsaya sai ki binne kawunan a garin silika, irin 'yan ƙwayoyin nan da ake sakawa a kwalin sabon takalmi, cikin roba mai murfi kamar sati ɗaya. Okid ɗin ba ya son rataya, shi silikar ce kawai.