Wane suna za mu ba "dry socket" da Hausa?

Likitocin haƙori suna da wata matsala da kan biyo bayan cire haƙori, wadda suke kira "dry socket", sunan da wani likita mai suna Crawford ya fara rubutawa a 1896, a littattafan likitanci kuwa ana ce mata "alveolar osteitis". Ina roƙon 'yan'uwa masu nazarin harshe da ma'aikatan lafiya mu tsayar mata da suna guda, domin wanda aka cire wa haƙori yakan koma gida da umarni iri-iri, kuma da wuya mutum ya kiyaye umarnin da bai san abin da ake guje masa ba.

Idan aka cire haƙori, jini yakan cika gurbin ya daskare, wannan gudan jinin kuma shi ne ke rufe ƙashi da jijiyoyi har sabon nama ya tofo a ƙarƙashinsa. Idan ya fita ko ya narke tun kafin lokacinsa, sai ƙashin ya zauna a fili, iska da abinci da yawu suna taɓa shi. Daga kwana 1 zuwa 3 bayan cirewar sai zogi mai tsanani ya taso, ya riƙa harbawa zuwa kunne da gefen kai, sau da yawa tare da warin baki. A cirewar da aka saba abin bai cika wuce kashi 5 cikin 100 ba, amma a turmin ƙarshe na muƙamuƙin ƙasa, wanda ya maƙale har sai da aka yi masa tiyata, yana iya kaiwa kusan kashi 30.

Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "busasshen rami", kuma ita ce na fi ƙi. Baki bai cika bushewa ba, kuma wanda aka tsoratar da bushewa zai ɗauka rigakafin shi ne ya yawaita kurkure baki don ya jiƙa wurin, alhali kurkura da ƙarfi a ranar farko tana cikin abubuwan da ke fitar da gudan jinin. Sunan da zai tura majiyyaci ga abin da aka hana shi bai dace da asibiti ba, ko da ya yi daidai da Turancin kalma da kalma. "Kumburin ƙashin gurbi" ya bi sunan likitanci, sai dai mai wannan ciwo yawanci ba ya ganin wani kumburi a fuskarsa, saboda haka zai ce ba shi ne ke damunsa ba. "Ruɓewar gurbi" kuwa zai sa mutane su nemi maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda galibi ba shi ake buƙata ba. "Kogo" na haƙorin da ya lalace ne, "giɓi" kuma kowa aka cire wa haƙori yana da shi.

Shawarata ita ce "yayewar gurbin haƙori", a taƙaice "yayewar gurbi". Gurbi shi ne mazaunin da abu ya bari, ya fi "rami" nuna ainihin wurin. "Yaye" kuwa tana da fa'idar da ban samu a sauran kalmomin ba: muna cewa iska ta yaye rufin ɗaki, wato wani abu daga waje ya ɗauke shi, muna kuma cewa hazo ya yaye, wato ya gushe da kansa. Haka lamarin yake a baki, domin wani lokaci zuƙa ko kurkura ce ke fizge gudan jinin, wani lokaci kuma jiki ne ke narkar da shi, kamar yadda aka fi gani bayan cirewa mai wahala, da kuma ga matan da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrojin. Na duba "kwarewar gurbi" ma, amma a rubutun waya, inda ake yawan barin lanƙwasar haruffa irin su "ƙ", za ta rikice da "ƙwarewa". Wani zai ce "yaye" tana tuna yayen yaro. Ina ganin kalmar "gurbi" da ke biye ta isa ta kawar da wannan.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda sunan yake ɗauke da dalilin umarnin. Likita zai iya cewa: "Malam, ka ciji audugar nan kamar rabin awa, yau kada ka kurkure baki, kada ka yi ta tofar da yawu, kada ka zuƙi abin sha da bututu, ka bar taba aƙalla kwana 2 zuwa 3, don kada gurbin ya yaye." Daga washegari sai a fara kurkurawa a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a ci abinci mai laushi ta ɗaya gefen. Ga wanda hatsarinsa ya fi yawa, likita kan ba da maganin kurkura na chlorhexidine.

Idan kuma gurbin ya riga ya yaye, sunan yana nuna cewa rufi ake nema, wannan kuwa aikin likita ne: zai wanke wurin da ruwan gishiri na asibiti, ya sa masa magani mai kwantar da zogi, wanda sau da yawa yana ɗauke da sinadarin man kanumfari, ya ba da maganin rage ciwo, yawanci kuma ana samun sauƙi cikin kwana 7 zuwa 10. Zazzaɓi ko kumburin fuska alama ce ta wata matsalar daban da ke buƙatar komawa asibiti nan take.

Ina so likitocin haƙori da ke cikinmu su gwada "yayewar gurbi" a kan majiyyatansu, su faɗa mana ko ana gane ta ba tare da dogon bayani ba.